Yadda A Ke Shirya Wasan Kwaikwayo Na Rediyo Domin Yara

Hausawa su kan ce gani ya kori ji. To, akwai wuri guda inda wannan magana ba ta da ƙarfi, watau gaban akwatin rediyo. Can kunne kaɗai ke aiki, ido ba shi da rabo. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun saba da allo da alli, mun saba mu ce wa yaro, "Dubi nan." Ran da aka ce mu koyar da yaron da ba ya ganinmu, mu kuma ba mu ganinsa, ran nan za a san ko mun iya magana. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara abin da ya wajaba ɗalibi ya sani kafin ya ce zai shirya wa yaran cikin birnin Kano wasan kwaikwayo na rediyo, da kuma yadda zai yi shelarsa har su taru su saurara.

Asalin abin

A 1932 gidan rediyon BBC na Ingila ya fara aiko da magana zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. A 1935 aka kafa wata dabara a Ikko: a kama maganar a gida ɗaya, sa'an nan a rarraba ta ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidajen mutane, su riƙa biyan kuɗi wata wata. Akwatin nan ba a juya shi a kamo wata tasha, abin da aka aiko shi za ka ji. Wannan dabara ta iso Kano a 1944, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aka kakkafa lasifika a wajen majalisar Sarki, da ɗakin karatu, da gidan waya, don wanda ba shi da akwati ya tsaya ya ji.

Tun kafin wannan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kai Malam Bello Dandago da Malam Isa Kaita birnin Ankara, a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, suna karanta labarun yaƙi da Hausa. Don tunawa da aikin Malam Bello ne a ke kiran gidan Rediyon Kano Gidan Bello Dandago. A 1951 Gwamnati ta kafa ma'aikatar rediyo ta Nijeriya, a 1957 BBC ta buɗe sashenta na Hausa, a 1962 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna. A 1992 aka yi dokar da ta yarje wa masu zaman kansu su buɗe tasha, aka kuma kafa hukumar da ke lura da abin da a ke watsawa. Ta wannan ƙofa ce Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, waɗansu da yawa suka biyo baya.

Shi kuwa wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a birnin nan. Yara sun daɗe suna tashe daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon halayen manya a ƙofar gidaje, manyan na dariya suna kuma jin kunya. Na rubuce kuwa a makaranta ya tsiro. Dokta East ya fid da littafin wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya kan rubuta wasa ya shirya shi da 'yan'uwansa ɗalibai. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Malam Abubakar Tunau, wanda ke koyar da tsabta da kiwon lafiya. Wasannin Malam Shu'aibu Maƙarfi kuwa sai da aka ji su a rediyo daga Kaduna kafin a mai da su littafi, watau Zamanin Nan Namu a 1959. Kun ga ke nan hanyar da mu ke so mu bi, malamai da ɗalibai ne suka share ta. A 2020 ma, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, rediyo aka koma wa a Kano domin ba yara darasi a gida.

Sanin mai sauraro

Kafin mu ɗora alƙalami a takarda, sai mu yanke shawara a kan yaron da mu ke wa magana. Ɗan shekara 6 da ɗan shekara 14 ba abinci ɗaya su ke ci ba. Mu ɗauka namu 'yan shekara 8 ne zuwa 12, daga unguwannin cikin ganuwa, irin su Yakasai da Mandawari da Koƙi da Madabo. Cikinsu akwai ɗan makarantar boko, akwai almajirin da ke makarantar allo kaɗai, akwai yarinyar da ke yini da farantin talla a ka. Waɗannan na baya su ne suka fi bukatarmu, don rediyo ba ya tambayar mutum ko ya iya karatun boko.

Hanyar sanin su ita ce a zauna da su. Sa'ad da muka fita koyarwar gwaji, kowa ya tara yara kamar goma bayan an tashi, ya tambaye su tatsuniyar da suka fi so, da abin da ke ba su tsoro, da wanda ke riƙe da rediyo a gidansu. Ya kasa kunne ga irin kalmomin da su ke faɗi, ya rubuta su. Da waɗannan kalmomi za a gina wasan.

Zaɓen labari

Wasa ɗaya, darasi ɗaya. Wanda ya ce zai koyar da tsabta da ladabi da lissafi da tarihin Dala duk cikin zama guda, ba abin da yaro zai tashi da shi. Har ila yau kada darasin ya fito tsirara kamar wa'azi. Yaro ya yini ana ce masa yi kaza, bar kaza. In ya ji irin wannan murya a rediyo sai ya fita wasan langa. Abin da ke riƙe shi shi ne ya ji wani yaro irinsa ya shiga uku, yana so ya ji yadda zai fita.

Ga misali. Mu sa wa wasan suna Randar Kaka. Damina ta yi, kududdufai sun cika. Auta ya je wasa bakin kududdufi ba da sanin gida ba, ya dawo ya tsoma hannu da moɗa cikin randa bai wanke ba. Bayan kwana biyu ƙanwarsa ta goye ta kamu da gudawa. Manya suna ta neman dalili, wani ya ce haƙori ne, wata ta ce bakin mutane ne, har aka fara zargin ɗan garuwan da ke kawo musu ruwa, ana cewa a sallame shi. Auta kaɗai ya san abin da ya yi. In ya faɗa ya sha faɗa, in ya yi shiru mutumin da bai ji ba bai gani ba ya rasa abincinsa. Mu raba labarin kashi 4, kowane kashi mu tsaya a daidai inda rai ke so a ci gaba.

Mutanen cikin wasa kada su wuce biyar, a zama ɗaya kuma kada fiye da uku su yi magana. Ido na iya rarrabe mutum ashirin a dandali, kunne kuwa da ya wuce uku sai ya rikice. A zaɓi muryoyin da suka saɓa da juna: tsohuwa, da yaro, da yarinya, da namiji mai kauri.

Rubutu domin kunne

A watan Janairu na 1924 BBC ta watsa wani wasa na Richard Hughes, wanda a ke lissafa shi na farko da aka rubuta musamman domin rediyo a Ingila. Dabarar da ya yi ita ce ya sa mutanensa cikin ramin haƙar kwal, fitilu suka mutu. Su ba su gani, mai sauraro ba ya gani, sai aka zama ɗaya. Mu kuwa ba mu bukatar ramin kwal. Kakanninmu sun riga shi, don da dare a ke tatsuniya, ba wanda kuma ya taɓa ganin Gizo da Ƙoƙi da idonsa, amma kowane yaro zai iya siffanta maka su.

Ka'idar ita ce, duk abin da ido zai gani a dandali, lalle magana ko ƙara ta ɗauke shi. Amma a yi shi yadda mutane ke magana da gaske. Ba mai cewa, "Ga ni na shigo ɗaki ina riƙe da moɗa." Ku duba wannan:

(A ji an ɗaga murfin randa a hankali.)
KAKA: Kai, wa na ke ji yana taɓa mini randa?
AUTA: Ni ne, Kaka. Ƙishirwa na ke ji.
KAKA: Daga ina ka ke, Auta, kana haki kamar wanda kare ya biyo?
AUTA: Daga... daga makaranta.
KAKA: Makarantar bakin kududdufi ko? Ai tun daga zaure na ke jin takalminka na ɗaukar taɓo. Ajiye moɗar nan, mai gidana, je ka wanke hannu tukuna.

Cikin layi biyar mai sauraro ya san su wane ne, ya san inda su ke, ya san inda yaron ya fito, ya kuma gane ya yi ƙarya. A riƙa kiran sunan mutum da wuri, a kuma maimaita shi, don wanda ya iso a makare ya kama zaren. Jimloli su zama gajeru. In marubuci ya gama shafi, ya karanta shi da ƙarfi. Inda numfashinsa ya yanke, nan jimlar ta yi tsawo.

Ga lissafin tsawo. Kashi ɗaya kada ya wuce minti 15. A cire minti ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa, ɗaya na kiɗan da ke raba zama da zama, saura minti 12 na magana. In ana magana a tsanake, kamar kalma 120 ke shiga minti guda, watau rubutun zai kama wajen kalma 1,400. Duk da haka a gwada da agogo a hannu, don bakin wani ya fi na wani sauri.

Ƙara da ɗaukar murya

Ƙara ita ce taswirarmu. Birnin nan kuwa kowane lungu da irin tasa: bugun masu bugu a wajen marinar Ƙofar Mata, hayaniyar ciniki a Kasuwar Kurmi, karatun almajirai a bakin tsangaya da asuba. Yaron birni da ya ji ɗaya daga cikinsu ya san inda aka kai shi, ba sai an gaya masa ba. Saura kuwa a ɗaki a ke ƙirƙirarsu. Ƙoƙo biyu a kife a kan tabarma su ne kofaton doki. Gero ana zuba shi sannu sannu a kan faranti shi ne ruwan sama a kan kwano. Takarda ana murza ta kusa da makirfo ita ce wuta na ci. Amma a yi hattara, ƙara ɗaya a lokaci ɗaya, kada kuma ta danne magana.

Wayar hannu mai kyau ta isa ɗaukar gwaji. A nemi ɗakin soro na ƙasa, don kaurin bangonsa na tare hayaniyar waje, a shimfiɗa tabarma a rataya barguna saboda amsa-kuwwa. Mai magana ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfo. Wanda a ke so a ji kamar yana tahowa daga zaure, sai ya fara daga nesa yana matsowa. Kowa ya cire takardunsa daga maƙali ya riƙa zame su ƙasa ɗaya ɗaya, don makirfo ba ya rufa wa takarda asiri. Waƙar buɗewa kuwa mu tsara tamu, yara su rera da tafi irin na gaɗa. Waƙar wani hakkinsa ce, ba a ɗauka sai da izninsa.

Rabon aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A naɗa shugaban shiri, da marubuta biyu, da mai kula da ƙara, da mai riƙe agogo, da ma'aji, da mutum biyu na shela. Malami ɗaya ya zama uban tafiya. Mako 8 sun isa: biyu na zama da yara da zaɓen labari, biyu na rubutu da gyara, biyu na gwaji, ɗaya na ɗauka, ɗaya na gyaran abin da aka ɗauka. Kada a watsa kashi na farko sai duk huɗun suna hannu, don jarrabawa ko rashin lafiyar mutum ɗaya na iya tsai da aikin a tsakiya, yara kuwa ba su manta wanda ya yi musu alkawari ya saɓa.

Amana

Wannan shi ne babin da ya fi nauyi. Magana zarar bunu ce. Kuskuren da malami ya yi a aji, gobe ya gyara shi gaban yara arba'in ɗin nan. Wanda ya yi a rediyo ya shiga gidajen da bai san ƙofarsu ba. Ranar 30 ga Oktoba 1938 wani ɗan wasa a Amurka, Orson Welles, ya watsa wasa a kan mutanen wata duniya da suka kawo yaƙi, ya shirya shi kamar labarun gaskiya. Waɗansu suka ɗauka da gaske ne suka firgita, ko da ya ke jaridu sun ƙara wa abin gishiri. In manya sun ruɗu, ina yaro? Don haka a farko da ƙarshe a faɗa a fili cewa wasa ne.

Cikin Randar Kaka za a zo inda a ke haɗa wa jaririya ruwan gishiri da sukari. Awon da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe ya juya su, wata uwa a wani lungu ta bi maganarsa, gishiri mai yawa na iya halaka jariri. Saboda haka lalle ma'aikacin lafiya ya karanta rubutun, ya kuma saurari abin da aka ɗauka kafin ya fita. A cikin wasan kuma a ji an nemo ƙullin da a ke bayarwa a asibiti, an kuma kai yarinyar an duba ta.

Yaran da za su yi wasa, sai da yardar iyayensu da ta shugaban makarantarsu, a rubuce. Kada a faɗi cikakken sunan yaro tare da gidansu. Kada a yi wa wata ƙabila, ko wata sana'a, ko mai naƙasa ba'a don a sami dariya. Ɗan garuwan cikin labarinmu mutumin kirki ne, a ƙarshe kuma Kaka da kanta za ta ba shi haƙuri.

Neman fili da zaɓen lokaci

A rubuta takarda zuwa ga shugaban shirye-shirye na gidan rediyo, da sa hannun shugaban kwaleji, a haɗa da kashi ɗaya da aka riga aka ɗauka. Abin da aka ji ya fi abin da aka yi alkawari saurin buɗe ƙofa. A fara roƙon a sa wasan cikin filin yara da tashar ke da shi. In sai an biya, a nemi mai ɗaukar nauyi, amma bisa sharaɗin ba zai taɓa rubutun ba, ba kuwa za a tallata wa yara abin da zai cuce su ba.

Lokaci kuwa sai a bi yinin yaron birni. Da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, da dare wani na makarantar allo. Asabar da Lahadi ma da yawa suna karatun hadda da safe. Amma Alhamis da Jumma'a su ne ranakun hutun makarantun allo tun kaka da kakanni, Islamiyyu da yawa kuma sun bi wannan al'ada. To, Alhamis bayan la'asar, a gama kafin magariba, ita ce ta fi tara kowa. In tasha ta yarda, a maimaita da dare wata rana domin iyaye maza.

Shela

Kaya ko sun yi kyau, in ba a kai su kasuwa ba a ɗaki za su kwana. A fara shela mako biyu kafin ranar. Shela kuwa abu huɗu kaɗai za ta ɗauka: sunan wasa, da tasha, da rana, da sa'a.

A fara da manya. A je a gai da masu unguwanni da limamai da malaman tsangaya, a gaya musu abin da ke cikin wasan, wanda ya so a jiyar da shi. Malamin da aka girmama shi ne zai tara almajiransa a gindin rediyo. Daga nan sai iyaye mata, don a yawancin gidaje rediyo na wajensu ya ke yini suna aiki. Hanyar isa gare su ita ce gajeriyar sanarwa ta rabin minti a tashar kanta, kusa da shirye-shiryen mata, da kuma makarantun matan aure. Sanarwar ta zama ɗan yanki na wasan, a yanke shi a kan tambaya: shin Auta zai faɗi gaskiya?

Sa'an nan yara. A roƙi shugabannin makarantu minti uku a taron safe, 'yan wasa biyu su tsaya bayan labule su yi zama ɗaya, a koya wa yara waƙar buɗewa. Yaron da ya koyi waƙa ya zama sanƙira, zai kai ta lungun da takardarmu ba ta zuwa. A liƙa takardu masu hoton randa a ƙofar makarantu da izni, a kuma tura sanarwar ta murya a WhatsApp zuwa ga iyaye da malamai, don murya na isa ga wanda rubutu ba ya isa.

Ran wasa, kowane ɗalibi ya ɗauki rediyo mai batir ya zauna da yara a zaure ko a tsangaya. Kada ya yi musu bayani. Ya zuba ido ya ga inda suka yi dariya, da inda suka yi tsit, da inda suka fara tsokanar juna, ya rubuta.

Awon amfani

Yabon abokai ba awo ba ne. Kashegari a koma wa yaran nan da tambaya uku: me ya faru, me ya sa yarinyar ta yi ciwo, kai da kai ne Auta me za ka yi? In mafi yawansu sun amsa ta biyu daidai, darasi ya shiga. In dariya kaɗai suka tuna, sai a duba inda wasa ya rinjayi darasi, a gyara a shiri na gaba. Bayan wata guda kuma a tambayi iyaye ko an sami mai tuna musu a rufe randa.

'Yan'uwa, ko da wasan bai kai gidan rediyo ba, wanda ya yi wannan aiki ya koyi tsara darasi, da auna lokaci, da magana yadda na bayan aji zai ji, da neman yardar iyaye. Su ne kuwa kayan aikin da za a tambaye mu duk inda aka tura mu. Saboda haka muna roƙon kowane aji ya fid da mutum biyu, malamanmu kuma su taimake mu da gyara da shawara. Allah Ya sa abin da za mu zuba a kunnen yaran nan ya zama alheri, amin.